Kayan Mata: Me Bincike Ya Tabbatar, Kuma Ta Ina Mai Son Nazari Za Ta Fara?

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Kaduna, na yi karatun kiwon lafiyar al'umma a Maƙarfi. Gwaggona ta fi shekara ashirin tana haɗa kayan mata, su gumba da tsumi da kazar amare. Yanzu ƙarfinta ya ja baya, sana'ar tana neman dawowa hannuna. Cikin masu saye wasu na dawowa da yabo, wasu su ce ba su ga komai ba, akwai ma wadda ta ce ya sa mata ƙaiƙayi. Ni kaina ina sha tun da na haihu wata bakwai da suka wuce, amma har yau ban dawo yadda nake ba. Ina so in yi nazarin itatuwan nan da gaske kafin in ci gaba da sayar wa mutane. Shin akwai wanda bincike ya tabbatar yana ƙara wa mace sha'awa da lafiya? Kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya raya abin da aka samu. In na fahimce ki, tambaya uku kika dunƙule wuri guda: me masu bincike suka gano, me ya sa ke da kanki ba ki ga canji ba, sannan yaya ake nazarin abin. Ni aikina haɗa magunguna ne, na daɗe a bayan kanta a nan Kaduna, kuma tun ina ɗaliba a Zariya ɓangaren magungunan da ake samu daga tsirrai ya fi kwanta min a rai. Amma ni ba likitar mata ba ce, kuma ba a duba mara lafiya ta wasiƙa. Inda maganar ta kai ga gwaji zan ce miki ki je a duba ki.

Suna ɗaya, kaya iri-iri

In kin shiga Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kika tsaya gaban teburin mai kayan mata, abin da ke gabanki ba jinsi ɗaya ba ne, sunan ne kawai ya haɗa su. Akwai wanda abinci ne zalla: aya, dabino, kwakwa, riɗi, zuma, mazarƙwaila, gero da nono, kaza da aka dafa da citta da kanumfari da masoro. Akwai garin sassaƙe da saiwoyi, da ruwan da aka ɗura a gorar lemo babu suna babu adireshi. Sai na uku, wanda ba a sha, cusawa ake yi: matsi. Batun mallaka da su gadali na bar wa malamai, ba fagena ba ne.

Duk macen da ta tambaye ni ko kayan mata na aiki, nakan ce mata wanne? Domin mai shan kunun aya da dabino da mai cusa alif ba hanya ɗaya suke ba, ko da a teburi ɗaya suka saya.

Abin da aka gwada a jikin mata

Tsirran da aka gwada a kan mata da tsari irin na kimiyya ba su da yawa, kuma mafi yawansu ba namu ba ne. Na farko dai kin san shi, hulba. A shekarar 2015 an wallafa wani gwaji da aka yi a Ostireliya a kan mata 80 masu shekara 20 zuwa 49. An raba su biyu, kashi ɗaya suna shan miligiram 600 na tataccen sinadarin hulba kullum, ɗaya kashin suna shan ƙwayar wofi, wato mai kama da magani amma babu komai a cikinta, har tsawon al'ada biyu. Masu shan hulbar sun ba da labarin ƙarin sha'awa fiye da sauran. To amma ki lura, abin da aka gwada tatacce ne na wani kamfani mai sayar da shi, ba garin hulbar da muke auna wa da cokali ba, kuma mata 80 a wata biyu ba su isa a yanke hukunci ba.

A 2015 ɗin kuma a Indiya an gwada saiwar da suke kira ashwagandha a kan mata 50 na mako takwas, aka ga ci gaba. Sai dai ita wannan saiwar an samu rahotannin tana taɓa hanta a wasu mutane, ƙasar Denmak kuma ta hana sayar da ita a 2023. Na faɗi haka ne don yanzu ta cika shafukan masu talla a Instagram da WhatsApp kamar alewa. A Iran an gwada za'afaran a kan mata 38 da maganin ciwon damuwa ya rage musu jin daɗin aure. Ya taimaka wajen ni'ima da rage zafi, amma ita sha'awar kanta ba ta motsa ba. Har tsidau, wannan ƙayar da ke soke mu a ƙafa in mun taka ba takalmi, an yi ƙananan gwaje-gwaje a kanta a Iran da Birazil. Duka dai labarin ɗaya ne: mutane kaɗan, lokaci gajere, alamar alheri, babu tabbaci.

Namu na gida fa? Goron tula, wanda ya samo sunansa daga garin Tula a ƙaramar hukumar Kaltungo ta jihar Gwambe, shi ne sarkin kasuwa yanzu. Abin da aka rubuta a kansa mafi yawa nazarin sinadaran da ke cikinsa ne da gwaji a kan ɓeraye. Aya ma an gwada ta, amma binciken da aka fi ambato a kan ɓeraye maza aka yi shi. Ɓera kuwa ba za ki tambaye shi ko ransa na so ba.

Bari in ɗan tsaya a kan goron tula, don a nan ne tunaninmu ya fi fitowa fili. Kin tauna shi kin ji yadda yake yauƙi a baki. Haka ruwan kuɓewa da ake jiƙawa a kwana. Tunanin shi ne yauƙin da ya shiga ta baki zai sauka ƙasa ya zama ni'ima. Jiki ba haka yake aiki ba. Yauƙin nan ciki yake zuwa, hanji ya sarrafa shi kamar kowane abinci, amfaninsa na kusa shi ne sauƙaƙa bayan gida. Ita ni'ima daga jini take: idan mace ta motsu, jini na taruwa a wurin, ruwa ya tsattsafo ta bangon gaba, kuma sinadarin estirojin ne ke sa bangon ya kasance da kauri da laushin da zai iya hakan. Wannan bai sa goron tula ya zama abin ƙi ba. Ɗan itace ne mai daɗi, ni ma ina ci. Kuɗin da ake tsawwala masa da alkawarin da ake ɗora masa ne ba su da madogara.

To me ya sa ake dawowa da yabo?

Ba ƙarya matan nan suke yi ba, kuma Gwaggo ba yaudararsu take yi ba. A 2018 masu bincike a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi na magungunan matsalar sha'awar mata, suka duba matan da aka ba ƙwayar wofi. Abin da suka gani shi ne kusan kashi biyu cikin uku na ci gaban da masu shan maganin gaske suka samu, masu shan wofin ma sun same shi. Ko maganin bature da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015, mai suna Addyi, bayan ta ƙi shi har sau biyu, abin da ya ƙara a kan ƙwayar wofi bai wuce rabi zuwa ɗaya na kusanta mai gamsarwa a wata ba.

Ki yi tunanin amaryar da aka kai gidan Gwaggo mako biyu kafin biki. An raba ta da wanke-wanke da girki, tana barci ta ƙoshi, ana ba ta kaza da nono da zuma, ana mata dilka da turare, wata babba tana zaune da ita tana gaya mata abin da ba wanda ya taɓa buɗe baki ya gaya mata. Ko babu sassaƙe ko ɗaya a tukunyar, yarinyar nan za ta ji canji. Ni a ganina rabin maganin Gwaggo bakinta ne da kunnenta. Mata na zuwa wurinta don nan ne kaɗai za su faɗi damuwarsu ba a yi musu kallon marasa kunya ba. Wannan kam gado ne mai daraja, kada ki yar da shi.

Ke kuma fa?

Wata bakwai da haihuwa, ina zaton kina shayarwa. Idan haka ne, abin da kike ji ba ciwo ba ne. Sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, yana danne estirojin, gaba ya bushe, sha'awa ta yi ƙasa. Ga tashin dare. In an yi miki ƙari wajen haihuwa, ko kin ƙaru aka ɗinke, tsoron zafi kaɗai ya isa ya kashe marmari. Babu tsumin da zai ture wannan, yawanci yana sauƙi da kansa idan yaro ya fara cin abinci sosai, al'ada ta dawo. Kafin nan, man santsi mai ruwa-ruwa irin K-Y Jelly da ake sayarwa a kemis ya fi kowane haɗi saurin magance bushewa, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbar tsumi mai tsada ba. Matan da ke zuwa wurina sukan yi ƙasa da murya in za su tambaye shi, alhali ba su jin nauyin sayen matsi a bainar kasuwa. Abin na ba ni mamaki har yau.

Ruwa ba ya tsami banza. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Macen da ke haki in ta hau bene, ba sha'awa ce ta fara ɓace mata ba, ƙarfi ne. Akwai ciwon suga, wanda ke kawo bushewa da yawan ƙaiƙayi. Akwai abin da muke tarawa duka mu kira sanyi, alhali cututtuka ne daban-daban, kowanne da maganinsa. Akwai ciwon damuwa, musamman na bayan haihuwa, da wasu magungunansa irin su fuluzetin. Wasu matan kan ga canji bayan allurar tsarin iyali ta wata uku, wasu kuma ba sa gani. Ga ɗaukewar al'ada, wadda ta fi zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Ki je asibiti a auna jininki da suga, a duba ɗinkin in akwai. Asibitin Barau Dikko na da sashen mata, asibitin unguwa ma zai iya gwajin jini.

Sai kuma abin da ba ya fitowa a gwajin jini. Wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta yi bayani a shekarar 2000 cewa mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe da aure, sha'awarsu ba ta riga wasa zuwa, biyo shi take yi. Wato mace na iya kasancewa lafiya lau ba ta jin komai, sai an zauna, an yi hira, an ba ta lokaci. Matar da ba ta san haka ba sai ta ɗauka ta lalace, ta kwashi kuɗin adashinta ta kai wa mai magani, maigida kuwa ko a jikinsa. Nakan ce da ana sayar da haƙuri da iya magana a kwalba, maza ya kamata a ɗura wa.

Inda hatsarin yake

Kashin farko, na abinci, abin lura a cikinsa tsabta ce da ajiya. Aya ko gyaɗa ko gero da ya yi funfuna na iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gumba da tsumi cike suke da zaƙi, mai ciwon suga ta kiyaye. Hulba na saukar da suga, ba ta jituwa da maganin tsinka jini irin warfarin, kuma mai ciki ta guji shan ta da yawa. Warinta a gumi kuwa ba sai na gaya miki ba.

Kashi na biyu ne ke tayar min da hankali. Ganyen idon zakara na shiga haɗin mata da yawa saboda zaƙinsa, amma ƙwayarsa, jar nan mai baƙin ɗigo, tana ɗauke da guba mai suna abrin da ke iya kisa in an daka ta aka sha. Mai daka ganye da sauri, kwanson 'ya'yan na maƙale a jiki, kin ga inda matsalar take. Sannan akwai algus. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya duba kayayyaki 776 da hukumar Amurka ta kama da maganin asibiti ɓoye a ciki tsakanin 2007 da 2016, kusan rabinsu na ƙarin kuzarin aure ne. A 2022 ma hukumar ta gargaɗi kamfanonin da ke sayar da zuma da aka gauraya da sinadaran magungunan ƙarfin maza, Viagra da Cialis. In can da ake sa ido haka ta faru, ina ga gorar da ba ta da ko suna? Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa min da 'yar kwalbar zuma da ta saya ta waya. Ta ce duk ranar da ta lasa sai kanta ya sara, fuskarta ta ɗau zafi, hancinta ya toshe. Zuma ba ta yin haka, waɗannan alamomin maganin maza ne. Ga shi tana shan maganin hawan jini. Na ce ta daina nan take ta kai wa likitanta kwalbar. Haka haɗin ƙiba da ciko, ana samun wanda aka zuba wa sha-ka-fashe, dekzametason, fuska ta kumbura a ce an yi kyau, suga da hawan jini na biye.

Kashi na uku kuwa, in shawarata za ki bi, ki cire shi daga teburinki gaba ɗaya. Gaban mace na da nasa tsamin, tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin tsami, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke riƙe da shi suna korar masu cutarwa. Alif da kanwa da garin bagaruwa in an cusa su, tsotse ruwan wurin suke yi, fata ta tattare ta kumbura. Wannan kumburin ne ake kira matsewa. Ana samun ƙananan tsagewa, ƙofa ta buɗe wa cuta, har da masu ɗaukuwa ta jima'i. Likitocin mata a ƙasar nan sun daɗe suna rubuta labarin matan da abin cusawa ya ƙona su, wurin ya warke da tabo ya manne, sai da tiyata. Garin neman gira an rasa ido. Abin haushin ma, mace ɗaya ce za ta sha tsumi don ni'ima da safe, da dare ta cusa abin da zai busar da ita. Mai son ƙarfin wurin bayan haihuwa, motsa naman ƙugu ya fi mata: ta matse kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga biyar, ta saki, sau goma, sau uku a yini, na wasu watanni.

Game da lambar NAFDAC, ki duba ƙarshenta. Maganin gargajiya mafi yawa lambarsa na ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba ba a ga yana cutarwa ba, aka ba shi izinin shekara biyu. Ba shaidar yana aiki ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Ta ina za ki fara

Ba daga intanet ba, daga ɗakin Gwaggo. Ki sayi littafi mai kauri ki zauna da ita tun tana da ƙarfin magana. Kowane haɗi ki rubuta abin da ke ciki, ganye ne ko sassaƙe ko saiwa, wa ke kawo mata, daga wane daji, a wane lokaci na shekara, nawa take zubawa, wa take hana wa. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci, don tsofaffin masu sana'ar nan sun san wadda ba a ba, ilimin da 'yan tallan waya ba su gada ba. Ki sayi ƙaramin sikeli, "ɗan dai-dai" da "cikin tafin hannu" su koma giram.

Daga nan sai sanin sunan itacen na haƙiƙa. Sunan Hausa kaɗai ba ya isa, dangin ɓaure ma suna da yawa, kuma in sassaƙe ya zama gari babu mai bambance shi da ido. Ki sa a kawo miki reshe da ganyensa da fure ko 'ya'ya, ki shimfiɗa tsakanin jaridu ki danne da abu mai nauyi har ya bushe, ki kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Za su ba ki sunan kimiyya da lambar shaida. Da wannan sunan ne za ki shiga shafukan neman takardun bincike, PubMed ko Google Scholar. Goron tula, misali, Azanza garckeana za ki rubuta. Duk takardar da kika buɗe ki tambaye ta: mutane ne ko ɓeraye, su nawa, an kwatanta da ƙwayar wofi, wa ya biya kuɗin aikin? Za ki sha mamakin yawan waɗanda za su faɗi tun a tambayar farko.

Masu binciken fannin nan suna aiki da wata takardar tambayoyi mai suna FSFI, tun shekarar 2000. Tambayoyi 19 ne a kan makonni huɗu da suka wuce, sun raba abin gida shida: sha'awa, motsuwa, ni'ima, kaiwa ƙololuwa, gamsuwa, da zafi. Ki karance ta ko don ki koyi rarrabe koken mata, domin wadda ta ce miki "ba ni da ni'ima" wataƙila zafi take nufi, wataƙila kuma fushi take da mijinta. Ki buɗe rajistar masu saye ba tare da sunayensu ba, kina rubuta shekaru, shayarwa, magungunan da suke sha, da abin da suka gani, mai daɗi da mara daɗi. Amma raba mata kashi biyu ki gwada musu haɗi, wannan ba aikin mutum ɗaya a gida ba ne. Sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da sa hannun matan, don haka ki nemi malami a tsangayar haɗa magunguna ta Zariya ko ta Jami'ar Jihar Kaduna ki kai masa littafinki. Akwai kuma cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, a Idu da ke Abuja, in tafiyar ta yi nisa.

Kafin duk wannan ya kankama, ki ci gaba da na abincin, ki rubuta duk abin da ke ciki a jikin roba da ranar da aka haɗa, kada ki karɓi garin da wani ya daka ba a gabanki ba, mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin asibiti kuma ki tsayar da su a kan kaza da kunun aya. Ke ma kina cikinsu, tunda abin da kika sha yana iya bi ta nono.

Ita kuwa wadda ta ce ta samu ƙaiƙayi, ki neme ta cikin makon nan. Ki tambaye ta sha ta yi ko cusawa, kwana nawa bayan nan ya fara, akwai ruwa ko wari, ta taɓa auna suga. Ki ce ta daina amfani da shi, ki raka ta asibiti in ta yarda, ragowar haɗin kuma ki karɓa ki ajiye da kwanan wata a jiki. Ita ce shafin farko na rajistarki.